Sharhi: Custer, Danginsa da Matar da Ta Tsare Sunansa

Assalamu alaikum jama'a masu sauraro, barkanmu da war haka. Sharhinmu na yau zai kai mu Amurka ne, Amurkar ƙarni na 19, lokacin da sojan doki ke tura iyakar ƙasar zuwa yamma, yana kwasar filayen 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka laƙaba wa Indiyawa.

Ranar 25 ga watan Yunin 1876, a bakin kogin Little Bighorn, yankin da yau yake cikin jihar Montana, gida ɗaya ya yi asarar maza biyar cikin yammaci guda. Akwai George Armstrong Custer, wanda ya jagoranci rundunar dawaki ta 7. Akwai ƙannensa biyu, Tom da Boston. Akwai James Calhoun, mijin ƙanwarsa Margaret. Na biyar ɗin yaro ne ɗan shekara 18, Autie Reed, ɗan yayarsa. Yawanci idan aka ɗauko labarin Custer, kan dabarun yaƙi ake tsayawa, a ce ya yi gaggawa, ko a ce an ƙi kai masa ɗauki. Ni a ganina ba za a fahimci mutumin nan ba sai an shiga gidansu. Gidan ne ya bi shi har inda ya mutu, kuma gidan ne ya riƙe sunansa bayan ya mutu.

An haife shi ranar 5 ga Disamba 1839 a New Rumley, wani ƙaramin ƙauye a jihar Ohio. Mahaifinsa Emanuel maƙeri ne kuma manomi, ba mai hali ba. Yaron ya yi wani ɓangare na ƙuruciyarsa a garin Monroe na jihar Michigan, hannun yayarsa Lydia da suke uwa ɗaya. Daga nan ya samu shiga makarantar horar da hafsoshi ta West Point, inda ya yi suna wajen tsokana da karya doka, ba wajen karatu ba. Da aka yaye su a 1861, su 34 ne, shi ne na 34. Da lokacin zaman lafiya ne, da wani lungu za a jefa shi a manta da shi. Sai ya fito daidai lokacin da yaƙin basasa ya ɓarke tsakanin Arewa da Kudu, ana neman hafsoshi ruwa a jallo. Cikin shekara biyu, yana ɗan shekara 23, aka ɗaura masa muƙamin birgediya janar, kwanaki kaɗan kafin gumurzun Gettysburg. Maganar jarumta kam, ko maƙiyansa ba su musa masa ba. Shi ke shiga gaba idan za a kai sukuwa, an sha harbe doki a ƙarƙashinsa ya tashi ya hau wani.

To a can Monroe akwai wata yarinya, Elizabeth Bacon, ana ce mata Libbie. 'Yar alƙali ce, ita kaɗai ta rage masa cikin 'ya'yansa, ta yi karatu, ta tashi cikin gata. Alƙali Daniel Bacon bai ga dalilin da zai ba ɗan maƙeri 'yarsa ba, balle da aka taɓa ganin saurayin yana tangaɗi a titi cikin maye. Custer ya yi wa yayarsa alkawarin barin giya, kuma ya cika. Amma abin da ya sauko da alƙali shi ne tauraron janar da ya gani a kafaɗa. Aka ɗaura aure ranar 9 ga Fabrairu 1864. Libbie ba ta yarda ta zauna gida tana jiran wasiƙa ba. Duk inda aka yarda mace ta je kusa da bakin daga, tana can. Da aka gama yaƙi a Appomattox a watan Afrilun 1865, Janar Philip Sheridan ya sayi teburin da aka rubuta sharuɗɗan miƙa wuya a kansa, ya aika mata shi kyauta, don yabon mijinta.

Yaƙi ya ƙare, aka rage soja, muƙaman wucin gadi suka zube. Janar ɗin jiya ya koma kyaftin, sannan a 1866 aka ba shi laftanar kanar a sabuwar rundunar dawaki ta 7 a jihar Kansas. Aikin can ba irin wanda ya saba ba ne. Fili ne fetal ba iyaka, abincin soja ya lalace, sojoji na gudu, abokin gaba kuma ba ya tsayawa a yi sahu da shi. A nan ne aka ga wani gefe na halinsa. A 1867 ya ba da umarnin a harbi sojojin da suka gudu, aka ji wa uku rauni, ɗaya ya mutu. Ba a yi nisa ba shi da kansa ya bar rundunarsa a Fort Wallace, ya ɗebi mahaya ya wahalar da su da dawakinsu a doguwar tafiya ba hutu, ba don komai ba sai don ya je Fort Riley ya ga matarsa. An ce annobar kwalara da ke yawo a barikoki ce ta tayar masa da hankali. Ko ma mene ne, kotun soja ta same shi da laifi, ta dakatar da shi shekara guda ba albashi. Libbie ta ɗauki wannan zuwan nasa a matsayin ranar da ta fi kowace daɗi a rayuwarta. Ƙaramin sojan da aka harba don ya gudu, shi ma ai yana da gida.

Sheridan bai bari wa'adin ya cika ba ya dawo da shi. Ranar 27 ga Nuwamba 1868, da asubar fari, cikin dusar ƙanƙara, Custer ya afka wa wani ƙauyen ƙabilar Cheyenne a bakin kogin Washita. Sarkin ƙauyen, Black Kettle, mutum ne da aka sani da neman sulhu, wanda ya tsira da ƙyar daga kisan gillar Sand Creek a 1864. Aka kashe shi da matarsa suna ƙoƙarin haye kogi. Aka kama mata da yara 53, aka karkashe ɗaruruwan dawakinsu, aka ƙona tantuna da guzurin hunturu. Custer ya kai rahoton ya kashe mayaƙa 103. Cheyenne suka ce mayaƙan ba su kai ko kusa da haka ba, kuma cikin gawawwakin akwai mata da yara da yawa. A ranar kuma ya janye bai nemo Manjo Joel Elliott da mutanensa kusan 20 ba, waɗanda aka yi wa ƙawanya aka kashe. Wannan ya raba hafsoshin rundunar gida biyu, kuma Kyaftin Frederick Benteen bai taɓa yafe masa ba.

Ku lura da wannan rabuwar, jama'a, don a nan dangi suka shigo. Custer ya kewaye kansa da nasa. Tom ba cin arziki ya zo yi ba, shi ne mutum na farko da ya karɓi lambar jarumta mafi girma ta Amurka har sau biyu, duka cikin Afrilun 1865, ɗaya bayan an harbe shi a fuska yana ƙwace tutar abokan gaba. Calhoun ya samu wuri a rundunar ta hanyar surukuta. Boston ba soja ba ne, ba shi da cikakkiyar lafiya, aka sama masa aikin farar hula a rundunar. Autie Reed kuwa yawon buɗe ido ya zo wajen kawunsa, aka rubuta shi cikin masu kora shanun rundunar. A barikin Fort Abraham Lincoln, kusa da garin Bismarck, gidan Custer ne fadar. Ana kiɗa, ana rawa, ana fita farauta da karnukansa masu yawa. Wanda ke ciki yana ciki, wanda ke waje yana cizon yatsa. Allah bai ba shi da Libbie haihuwa ba, sai rundunar ta zame musu gida, wanda ya ce uffan kan shugabanci kamar ya zagi dangi ne.

A 1874 ya jagoranci sojoji fiye da 1,000 zuwa tsaunukan Black Hills, ƙasar da yarjejeniyar Fort Laramie ta 1868 ta tabbatar wa ƙabilar Lakota. Ya aiko da labarin an ga zinariya. Masu haƙa suka yi ca, gwamnati ta nemi a sayar mata, Lakota suka ƙi. Sai aka ba su wa'adin 31 ga Janairu 1876 su koma wuraren da aka keɓe musu, ko a ɗauke su 'yan tawaye. Da aka shirya tura soja kan waɗanda suka ƙi komawa, Custer ya kusa rasa wannan fita, domin ya je gaban majalisa ya ba da shaida kan cin hancin ministan yaƙi William Belknap, har ya ambaci ɗan'uwan Shugaban ƙasa Grant. Sai da ya yi ta roƙo aka bar shi ya tafi ƙarƙashin Janar Alfred Terry.

Sauran labarin gajere ne. Masu leƙen asirinsa 'yan ƙabilar Crow sun gaya masa sansanin da ke gaba ya fi ƙarfinsa. Lakota ne da Cheyenne da suka taru wajen jagoransu Sitting Bull, ga manyan mayaƙa irin su Crazy Horse da Gall. Ya raba rundunarsa, ya tura Manjo Marcus Reno ta wani gefe, Benteen ta wani, shi ya ɗauki mutum kusan 210. Saƙonsa na ƙarshe ga Benteen shi ne ya yi sauri, ƙauyen babba ne, ya taho da kayan harsashi. Babu ko ɗaya da ya tsira cikin waɗanda ke tare da shi. Boston yana baya wajen alfadaran kaya, da ya ji za a gwabza sai ya sukwano ya tarar da 'yan'uwansa. Gawar Tom da zanen da ke hannunsa aka gane ta.

Jirgin ruwan da ya kwaso masu rauni ya iso Bismarck ranar 5 ga Yuli, kwana ɗaya bayan Amurka ta yi bikin cika shekara 100 da 'yanci. Washegari da sassafe aka ƙwanƙwasa ƙofar Libbie. Margaret na gidan, ta rasa miji da 'yan'uwa uku da ɗan yayarta a lokaci guda. Libbie ta yafa mayafi ta bi hafsoshin gida-gida ana gaya wa sauran matan, fiye da 20. Can Monroe, tsoho Emanuel ya rage da ɗa namiji ɗaya cikin waɗanda matarsa Maria ta haifa masa, Nevin, wanda rashin lafiya ya hana shi aikin soja.

Shekarar Libbie 34 a lokacin. Mijin ya bar mata bashi, fanshon gwamnati bai taka kara ya karya ba, ta koma New York ta nemi aiki. Ba ta sake aure ba. Shugaba Grant ya fito a jarida ya ɗora wa Custer alhakin asarar, ita kuwa ta ɗaura ɗamarar wanke shi, ta yi shekara kusan 57 a kan haka. Ta rubuta littattafai uku a 1885 da 1887 da 1890, suka karɓu, ta zaga ƙasa tana lacca. Custer ɗin cikin littattafanta miji ne mai tausayi, mai son iyaye, uban sojojinsa. A 1910 Shugaba Taft da kansa ya je Monroe buɗe mutum-mutuminsa, tana tsaye a wurin. Tsofaffin hafsoshin da suka san wani Custer dabam suka kame bakinsu don kunyarta, suna jiran bayan ranta. Sai ta riga ta binne kusan dukkansu. Ta rasu ranar 4 ga Afrilu 1933, saura kwana huɗu ta cika 91, aka binne ta kusa da shi a West Point. Shekara ɗaya tak bayan haka littafin da ya fara yi masa tonon silili ya fito.

Ban ga laifin mace don ta kare mijinta ba. Abin da ya kamata a faɗa shi ne, a tsawon waɗannan shekaru kukan gida ɗaya ƙasar ta saurara. A harin da Reno ya kai gefen sansanin a wannan rana, an kashe wa Gall mata biyu da 'ya'ya uku, kuma ba mai buga masa littafi. A 1877 majalisa ta ƙwace Black Hills. Sai a 1980 kotun ƙolin Amurka ta yanke cewa ƙwacen ya saɓa doka, ta ce a biya diyyar fiye da dala miliyan 100. A 1991 aka cire sunan Custer daga filin dagar, aka mayar da shi Little Bighorn, a 2003 kuma aka buɗe wurin tunawa da mayaƙan ƙabilun da suka faɗi a can. Kuɗin diyyar nan yana ajiye a asusun gwamnati, ruwa na hawa kansa har ya haura dala biliyan 1. Lakota sun ƙi taɓa ko sisi, sun ce ƙasarsu suke so a mayar musu.

Nan muka kawo ƙarshen sharhin, a ci gaba da sauraron sauran shirye-shiryenmu.