Tsire a Obalende da rigimar "a ba mu jiharmu"

Rabi: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da warhaka. Rabi ce daga nan Agege, tare da Kawu Isa da Nura kamar kullum. In kun ji wata ƙara ƙasa-ƙasa, janareton maƙwabta ne, a yi haƙuri da mu. Kawu, barka da hutawa. An ce ranar Asabar kun sha taro.

Kawu Isa: Barka kadai Rabi. An sha taro kam. 'Yan ajinmu ne na firamare, waɗanda muka gama a 1971. Mun haura arba'in a ajin nan, mu goma sha ɗaya muka hallara. Wasu sun rigaye mu gidan gaskiya, wasu ƙafa ta ƙi. Akwai wani Bayarabe da muka zauna benci ɗaya shekara shida, wallahi ban gane shi ba sai da ya yi dariya na hango wushiryarsa. Ita kaɗai ce ba ta tsufa ba.

Nura: Kawu, ku ma ya gane ku kuwa?

Kawu Isa: Sunan tsokanar da suke kirana da shi ya kwaɗa min a gaban jama'a, ni da jikoki tara. Kuma ba zan faɗe shi a nan ba, kada ma ka tambaya.

Rabi: Za mu binciko shi. To shi ma Nura ya yi nasa taron ranar Lahadi, sai dai shi mutanen da bai taɓa sa wa ido ba ya je gani.

Nura: Haka ne Yaya Rabi. Wani zaure ne na WhatsApp, 'yan Arewa mazauna Legas, shekara huɗu ke nan ina ciki. Asalinsa don cigiyar aiki da ɗakin haya aka buɗe shi, amma kin san mu, bai yi wata uku ba ya koma majalisar siyasa. Sai wani ya ce kullum faɗa muke a waya, mu haɗu mana mu ci tsire. Aka tsayar da Obalende bayan la'asar. Na hau jirgin ƙasan nan daga Agege zuwa Oyingbo, na ƙarasa a danfo, ga ruwa ana tsugawa. Duk hanya gabana faɗuwa yake saboda mutum ɗaya.

Rabi: Abokin faɗan naka da kake ba mu labari?

Nura: Shi fa. Mutumin Kudancin Kaduna ne, daga wajen Kwoi. Hoton da ya sa a lambarsa zaki ne, kuma saƙon muryarsa ba ya gaza minti bakwai. Maganarsa ɗaya ce dare da rana, a ba su jihar Gurara. Na taɓa ce masa ɗan raba kan Arewa, shi kuma ya ce min ɗan mulkin mallaka. Sau biyu ana fitar da mu daga zauren. Ni a raina ƙato nake jira, mai jan ido. Ina isa sai ga wani ɗan siririn dattijo da tabarau, ya naɗe ƙafar wando saboda ruwa, yana riƙe da baƙar leda. Ya ce, "Kai ne Nura? Ai na ɗauka babba ne."

Kawu Isa: (dariya) Ya gama da kai tun kafin a zauna.

Nura: Kawu, Hausarsa ta fi tawa nesa ba kusa ba. Ni ina magana ina jefa Yarabanci, shi kuwa karin magana yake jero min. Malamin makaranta ne da ya yi ritaya. Ledar nan kuwa busasshiyar citta ce ta gonar ƙanensa, wai ya kawo min tsaraba in rage zafin kai da shayi.

Rabi: Citta ce za ta rage zafi?

Nura: Abin da na ce masa ke nan. To muna zaune kan benci, hayaƙin tsire na shiga ido, na ce Baba, yau ga ni ga ka, faɗa min abin da jiha za ta ba ku. Bai ɗaga murya ba. Ya ce in ƙirga gwamnonin farar hula da aka yi a Kaduna, in gaya masa nawa ne daga kudanci. Ɗaya ne, Patrick Yakowa, shi ma sai da aka ɗauke Namadi Sambo ya zama mataimakin shugaban ƙasa a 2010 sannan ya hau. Ya ci zaɓen 2011, ya rasu a hatsarin jirgi mai saukar ungulu a Bayelsa a ƙarshen 2012. Ya ce shi ba ƙin Hausawa yake ba, a cikinsu ya girma, amma yana so jikansa ya taso da sanin cewa kujerar nan shi ma zai iya hawa.

Kawu Isa: Wannan kukan ai ya girme ka, ya girme ni ma. Tun Turawa ba su tafi ba ake yin sa. A 1957 suka kafa kwamitin Willink musamman don ya saurari fargabar ƙananan ƙabilu. A Arewa masu neman yankin Tsakiya suka zo, su Joseph Tarka da jam'iyyarsu ta UMBC. A Gabas mutanen Kalaba da Ogoja da Ribas suka ce a raba su da rinjayen Ibo. A Yamma mutanen Benin da na Delta suka ce su ma haka. Kwamitin ya ba da rahoto a 1958 ya ce kada a ƙirƙiro sabon yanki, a dai rubuta haƙƙin ɗan Adam a tsarin mulki. Aka rufe tukunya da wuta a ƙarƙashinta. Ba a jima ba ƙasar Tibi ta kama da rikici a 1960, ta sake kamawa a 1964.

Rabi: Amma mutanen Benin sun samu nasu.

Kawu Isa: Sun samu a 1963, da ƙuri'ar raba gardama aka yanke musu yankin Tsakiyar Yamma. Ki riƙe wannan, domin daga shi farar hula ba su sake ƙirƙiro ko jiha ɗaya ba har yau. Duk sauran aikin soja ne. Kuma Nura, inda ka zauna cin tsiren nan, da ka miƙe ka taka kaɗan da ka ga barikin Dodan, fadar shugabannin mulkin soja a wancan lokacin. Daga nan Gowon ya yanka ƙasar nan gida 12 a watan Mayun 1967, ita kanta jihar Legas ranar aka haife ta. Murtala ya mayar da su 19 ranar 3 ga Fabrairun 1976. Kwana goma tsakani aka harbe shi a Ikoyi yana hanyar ofis. Ina saurayi lokacin, ina taya mahaifina ɗaurin huhun goro, na ga yadda kasuwa ta watse kafin azahar. Babangida ya ƙara Katsina da Akwa Ibom a 1987, ya kai su 30 a 1991. Abacha ya cike 36 a 1996, shi kam daga Abuja.

Nura: Wato a bakin wurin tsire aka yi ta yanka Najeriya.

Kawu Isa: Ka ji ka. Ni da kake gani, mahaifina daga Ƙaura Namoda ya biyo jirgin ƙasa ya zo Agege fataucin goro, a nan aka haife ni. An fara ce min ɗan Jihar Arewa, aka koma Arewa maso Yamma, aka koma Sakkwato, yanzu Zamfara. Suna huɗu, ni kuwa ban taɓa yin wata biyu a jere a can ba.

Rabi: To ni nan ne nake da ja. Kawu, an tashi daga yanki uku an kai jiha 36, kukan ya tsaya? Taron ƙasa na 2014 ya ba da shawarar a ƙara 18. A farkon 2025 majalisar wakilai ta karanto buƙatu 31. Ko nan Legas akwai masu neman jihar Lagoon. Kowace jiha kuwa sai an gina mata gidan gwamnati, a yi majalisa, a naɗa kwamishinoni, a sayo jerin motoci, alhali yawancin waɗanda ake da su in kason wata-wata bai zo daga Abuja ba albashi ma gagararsu yake. Talakan da ya yi ta rawa ranar da aka ba su jiha, bayan shekara goma ka je ka duba rijiyar garinsu.

Nura: Yaya Rabi, tsaya. A cikin 18 ɗin nan na 2014 ba Katagum?

Rabi: Akwai.

Nura: Ke kuma 'yar ina ce?

Rabi: Azare. Amma ai tamu daban ce, ka san nisan da ke tsakanin...

Kawu Isa: (dariya) Laifi tudu ne, Rabi.

Rabi: Na yarda, an kama ni. In aka ce gobe Azare ta zama babban birnin jiha, har da guɗa zan yi. Amma ko ina so ko ba na so, sashe na 8 na tsarin mulkin 1999 ya sa abin ya yi wuya ƙwarai. Sai kashi biyu cikin uku na wakilan yankin sun sa hannu, na majalisar tarayya da na jiha da na ƙananan hukumomi. Sannan a yi ƙuri'ar raba gardama a yankin a samu biyu cikin uku. Sannan mafi yawan jihohin ƙasar su amince, a dawo majalisar tarayya kowane zaure ya ba da biyu cikin uku. Wane gwamna ne zai yarda a rage masa ƙasa yana kallo? Habasha ce ta sauƙaƙa hanyar, tunda su bisa ƙabila suka tsara yankunansu. Mutanen Sidama sun kaɗa ƙuri'a a 2019 suka fita daga yankin Kudu, suka samu nasu a 2020. Suna fita wasu suka biyo layi, har yankin Kudun ya wargaje gaba ɗaya.

Nura: Irin wannan na jefa wa dattijon nan. Na ce Baba, in an ba ku Gurara, Hausawa da Fulanin da ke Kafanchan da Zangon Kataf fa? Kakanninsu a nan aka binne su. Ranar da kuka zama masu rinjaye, su ne za su koma tsiraru, kuma kowa ya san rikicin ƙabilancin da aka yi a Zangon Kataf a 1992. Ya yi shiru yana juya tsinken tsire a cikin yaji. Can ya ce, gaskiya ne, wannan tambayar tana hana shi barci, kuma duk mai neman Gurara da bai da amsarta bai shirya ba. Sai ya ɗago ya ce, "Amma kai Nura, a ina aka haife ka?" Na ce Idi-Araba. Ya ce, "Takardar indijin ɗinka ta ina ce?" Na ce ta Kano, can garin kakana. Ya ce, "To kai da kake zaune haka a Legas, ni zan koya maka yadda zaman tsiraru yake?"

Kawu Isa: Uhm.

Nura: Kawu, na rasa ta cewa. Domin na tuna lokacin da zan shiga makarantar gaba da sakandare, na yi tafiyar kwana guda a mota zuwa wata ƙaramar hukuma da ban san kowa ba, ina neman mai unguwar da zai shaida ni ɗansu ne. Ya dube ni ya ce Hausar tawa ma wata iri. A nan a ce min ɗan Arewa, a can a ce min ɗan Legas.

Kawu Isa: Mu da muka shekara sittin da wani abu a haka fa? Muna da sarakunan Hausawa a Agege, a Idi-Araba, a Mile 12, ana jin maganarmu wajen zaɓe. Amma ranar da aka tashi rusa kasuwa ko aka hana acaba, a ranar kake sanin matsayinka. Kuma kada ku ɗauka masu garin ba su da nasu kukan. Abokin nan nawa mai wushirya, muna cin shinkafa ya taso min da shi. Ya ce Isa, ku Kano ƙananan hukumomi 44, mu Legas 20, da wane lissafi? Ya tuna min lokacin da Tinubu yana gwamna ya ƙirƙiro ƙarin 37, Obasanjo ya riƙe kuɗin ƙananan hukumomin jihar, aka yi ta shari'a har kotun ƙoli. Ya ce harajin kaya a Legas ake tara mafi yawansa, a kai Abuja a raba da kowa. Na ce masa tumatir da shanun da kuke ci fa, daga ina? Muka yi ta yi har matarsa ta ce ku tsofaffin nan, shekara hamsin ba ku haɗu ba, abin da za ku tattauna ke nan?

Rabi: To ni dai har yanzu ina kan bakata. In kuɗin ƙaramar hukuma zai isa hannunta kai tsaye, kamar yadda kotun ƙoli ta yanke a watan Yulin 2024, kuma a daina tambayar mutum garin kakansa kafin a ba shi gurbin karatu, rabin masu neman jiha za su koma gida su kwanta.

Nura: Dattijon ba zai yarda da ke ba. Ya ce mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Rabi: Ka kawo shi shirin nan mu yi ta a gaban jama'a. Yanzu dai kun shirya ke nan, an daina faɗa?

Nura: Ina! Shi ya biya kuɗin tsiren duka, ya hana kowa sa hannu a aljihu, ya raka ni har bakin mota yana riƙe min lema. Ina isa gida ƙarfe goma sha ɗaya na buɗe waya, sai ga saƙon murya a zaure, minti tara. Farkonsa wai, "Ɗana Nura, ka isa lafiya? To game da maganar banzar da ka yi ɗazu..."

Kawu Isa: Ka ba shi amsa?

Nura: Minti goma sha ɗaya na yi masa.

Kawu Isa: Allah ya shirye ku. Cittar fa, tana ina? Tun ɗazu nake jira in ji an ce ga rabon Kawu.

Nura: Tana gida Kawu, gobe in sha Allahu zan aiko yaro da ita.

Rabi: A ƙulla biyu, da tawa. Masu sauraro, mako mai zuwa za mu yi ƙoƙarin kawo dattijon nan, in ya yarda ya hau jirgi ya zo Agege. Nura, kai za ka biya kuɗin motar. Sai mun sake haɗuwa, a huta lafiya.