Darasi: kafin ku taɓa cikin tsohon rediyo

Salamu alaikum jama'a, barkanmu da warhaka. Yau ma daga rumfata nan Aboabo, Kumasi. Ga wani National Panasonic da wani dattijo ya kawo, wai tun yana saurayi yake sauraron Sashen Hausa na BBC da shi, yanzu ya yi shiru. Irin su ne da Akasanoma, rediyon da aka taɓa haɗawa a nan Ghana, suka cika gidajen Zango a da.

Ku fara da gidan batir. Kun ga wannan farin garin? Batir ne aka manta a ciki ya yi yoyo, danshin damina ya ƙarasa aikin. Ruwan khal kaɗan da tsohon buroshi, ku goge, ku bar shi ya bushe. Yaro, miƙo mini mitar awon lantarki.

Batir 4 yake ci, bolt 6 ke nan. A kula, yawancin rediyon shekarun 1960 transistocin jamaniyam gare su, wato ƙananan na'urorin nan masu ƙafafu da ke ƙara ƙarfin sigina, waɗanda aka yi da sinadarin jamaniyam, kuma wayar ja ce ke haɗe da jikin allon. Wanda ya juya wayoyin, ya ƙone abin da zai sha wuyar samu ko a shagunan Adum, tsakiyar Kumasi. Idan kun auna ƙafafun transista kuka ga bolt 0.2 ko 0.3, lafiyarta lau. Na silikon ne ke ba da 0.6. Na sha ganin yara sun cire mai lafiya saboda rashin sanin wannan.

Na kunna. Kun ji ƙaf a lasifika? To, da sauran rai. Murya ƙasa-ƙasa, ko ƙara kamar babur, ku zargi kafasita, waɗannan masu kamar gwangwani. Ruwan cikinsu ke bushewa da tsufa. A canza su, a lura da ƙafar da ke da alama.

Amma waɗannan ƙananan akwatunan ƙarfe masu kan sukuru, don Allah a bar su. An daidaita su tun daga masana'anta, galibi kan kilohaz 455. Duk rediyon da na ga an murɗa su, idan saye zan yi, sai in rage masa kuɗi, don maido da su aikin yini ne.

Kuma rediyon da babu FM kan yi shiru da rana, tunda gidajen rediyonmu can suke. Sai bayan isha'i za mu ja eriya mu gwada gajeren zango. Yaro, ɗora ƙarfen liƙi a wuta.