Yini Guda a Landan Gaban Zanen Turner da Constable

Wanda ya ji an ce zane-zanen Romantik na Birtaniya zai iya zaton saurayi da budurwa zai gani suna musayar furanni, amma sunan ba na soyayya ba ne. Salo ne da ya bunƙasa daga ƙarshen ƙarni na 18 zuwa tsakiyar ƙarni na 19, inda masu zane suka mai da hankali ga abin da zuciya ke ji idan hadari ya haɗu, ko teku ta tumbatsa, ko hazo ya rufe gari. Mutum biyu ne suka fi shahara a kai: Turner, wanda aka haifa a 1775, da Constable, wanda ya biyo shi da shekara guda.

Ya fi kyau mai ziyara ya fara da gidan baje zane-zane na National Gallery da ke dandalin Trafalgar, kuma shiga kyauta ne. A can ne zanen jirgin ruwan yaƙi Temeraire yake, wanda Turner ya baje a 1839. Jirgin ya yi suna a yaƙin Trafalgar na 1805, amma a zanen ga shi fari fat kamar fatalwa, wani ɗan baƙin jirgi mai aman hayaƙi yana jansa zuwa inda za a farfasa shi, rana kuma tana faɗuwa jajir a gefe. Tun 2020 wannan zane yake a bayan takardar fam 20. Akwai kuma zanensa na 1844, na jirgin ƙasa da ke keta ruwan sama a kan gada, kuma sai an matsa kusa sosai ake ganin ɗan zomo yana gudu a gaban jirgin.

Constable bai yi nisa da gida ba. Zanensa na 1821 amalanke ne tsaye cikin kogin Stour, kusa da injin niƙan mahaifinsa a Flatford. Bai samu mai saye ba da aka fara baje shi a Landan, sai da aka kai shi Paris a 1824 ya samu lambar zinariya. A ganina, gajimaren saman ya fi amalanken cancantar kallo, domin mutumin ya sha zama a unguwar Hampstead yana zana gajimare, yana rubuta rana da sa'a da inda iska ke kaɗawa a bayan takarda.

Da rana sai a nufi gidan baje zane-zane na Tate Britain a bakin kogin Thames, ta tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa ta Pimlico. Nan ake ajiye mafi yawan abin da Turner ya bar wa ƙasarsa da ya rasu a 1851, wanda ya haɗa da zanen fenti kusan 300 da dubban zane a kan takarda. A nemi zanen guguwar ƙanƙara na 1842. Turner ya ce ɗaure shi aka yi a jikin sandar jirgin ruwa na tsawon sa'a huɗu domin ya ga guguwar da idonsa, ko da yake masana da dama suna shakkar labarin. Daga kusa fenti ne kawai a cakuɗe, toka-toka da fari, amma idan aka ja da baya taku biyar ko shida sai jirgin ya fito a tsakiya, a karkace, hayaƙinsa yana juyawa tare da iska.