Amsoshin Tambayoyinku: Tunawa da Iyaye Mata da Kakanni

Mai gabatarwa: Assalamu alaikum masu sauraro, barkanmu da sake saduwa a filin amsa tambayoyinku daga nan birnin Kano. Wasiƙun da muka ware wa yau duk a kan iyayenmu mata ne da kakanninmu waɗanda Allah ya yi wa tsawon rai, sannan suka riga mu gidan gaskiya. Allah ya gafarta Malam, barka da zuwa.

Malam: Barka kadai. Allah ya jiƙan magabatanmu, ya kyautata tamu in ta zo.

Mai gabatarwa: Amin. Wani matashi daga Fagge ya ce wata guda ke nan da rasuwar kakarsa da ta raine shi, amma har yanzu idan ya wuce ƙofar ɗakinta sai hawaye su zubo masa, yana tsoron kada ya zama yana yin saɓo.

Malam: Babu saɓo a cikin hawaye, yaro. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Abin da aka hana shi ne kururuwa da yage tufafi da furta maganar da ke nuna rashin yarda da ƙaddara.

Mai gabatarwa: To, angon tsohuwa ka ji, tunda na san da wannan suna take tsokanarka. Ka share hawaye, ka yawaita yi mata addu'a.

Sai wata baiwar Allah daga Gwale, wadda ta ce 'yan'uwa suna ta musu a kan shekarun mahaifiyarsu, wasu na cewa 90, wasu na cewa ta haura 110, ga shi babu takardar haihuwa. Wannan ni zan amsa, Malam. Hajiya, iyayenmu ba su riƙe kwanan wata ba, amma sun riƙe tarihi, saboda haka ki tuna abin da take dangantawa da aurenta ko haihuwar ɗanta na fari. Sarki Abdullahi Bayero ya rasu a 1953, Sarauniyar Ingila ta zo Kano a 1956, an samu 'yancin kai a 1960, Sarki Ado Bayero ya hau gadon sarauta a 1963, an koma tuƙi a hannun dama a 1972, naira kuma ta maye gurbin fam da sule a 1973. Idan, alal misali, ta ce an kai ta ɗakin miji shekarar zuwan Sarauniya tana da kamar shekara 15, to haihuwarta ta kama wajen 1941 ke nan, sai ki ƙirga daga nan zuwa shekarar rasuwarta. Ki kuma lura cewa shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kusan kwana 11, don haka mai shekara 90 a lissafin Bature ta kusa 93 a namu. Amma don Allah a daina ƙara wa tsofaffi shekarun da ba su yi ba, domin darajarsu ba ta buƙatar ƙari.

Wasiƙa ta uku ita ce za mu daɗe a kanta, saboda mun samu irinta da yawa. Wani magidanci ne daga Yakasai. Ya ce mahaifinsu ya rasu suna ƙanana, mahaifiyarsu ta riƙe su su bakwai da sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, da adashi ta yi wa mata kayan ɗaki, ta ga jikoki har da tattaɓa-kunne. Ya ce duk ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci a tsakar gidanta ake haɗuwa, kowa da kwanonsa, kuma akwai kwano ɗaya da take rufewa da faifai ta ajiye a bakin zaure saboda almajirinta. Yau shekara biyu da rasuwarta, an yi sadakar uku, an yi ta arba'in, daga nan kowa ya kama gabansa, har akwai ƙannensa biyu da ba sa ga-maciji. Tambayarsa ita ce, mene ne zai yi wanda zai isa gare ta a kabarinta, kuma ya hana sunanta ɓacewa a cikin zuriya?

Malam: Allahu Akbar. Hadisi ya tabbata a cikin Sahihu Muslim cewa idan ɗan Adam ya mutu aikinsa ya yanke sai ta hanya uku: sadaka mai gudana, ko ilimin da ake amfana da shi, ko ɗa nagari da ke yi masa addu'a. Kuma sahabi Sa'adu ɗan Ubada, da mahaifiyarsa ta rasu, ya tambayi Annabi wace sadaka ce ta fi, aka ce masa ruwa, sai ya haƙa rijiya ya ce wannan ta mahaifiyar Sa'adu ce. To ka duba halin da muke ciki a birnin nan, inda gida da yawa sai an jira mai garuwa kafin a ɗora tukunya. Muna yara kusan kowane gida a cikin gari yana da rijiyarsa, maƙwabta suna shigowa da guga ba tare da neman izini ba, ga kududdufai a unguwanni waɗanda yanzu an cike da yawansu an yi gini a kai. Wanda Allah ya hore wa ya haƙa rijiyar burtsatse a ƙofar masallaci ko makarantar allo, ya kuma ware kuɗin gyaranta, domin na ga da yawa an ƙaddamar da su da biki, bayan shekara guda sun zama turken awaki.

Mai gabatarwa: Allah ya gafarta Malam, maganar ruwa ta shiga. Sai dai ina jin abin da ya fi ci wa ɗan'uwanmu tuwo a ƙwarya shi ne watsewar gidan.

Malam: Haka ne, na yi nisa. To, ya sani cewa sada zumuncin da mamaciya take sadawa yana cikin biyayyar da ta rage masa. Bayan rasuwar Nana Khadija, idan Annabi ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayenta da nama. Ya nemi ƙawayen mahaifiyarsa da suka rage da rai, ya gaishe su, ya kai musu ɗan goro da turare. Ƙannen nan biyu kuwa, shi ne babba, ya zaunar da su ya sasanta su.

Mai gabatarwa: Bari in maimaita, saboda wanda bai ji da kyau ba. Addu'a kullum, sadaka gwargwadon hali, sannan a ci gaba da abin da ita take yi da hannunta. Ɗan'uwa, a ganina ka fara da abu mafi sauƙi, wato ka buɗe gidan nan ranar Juma'a mai zuwa, ko mutum uku ne suka zo, a dafa abin da aka samu, a fitar da kwanon almajirin nan a rufe shi da faifai kamar yadda take yi. Kada ka jira sai ka tara kuɗin rijiya. Ni kaina abin da ke damuna game da kakata shi ne, na sha zama kusa da buzun sallarta tana kwance goro daga gefen zani tana ba ni labarin dalar gyaɗa da zamanin da ake rufe ƙofofin gari, amma ban taɓa rubuta ko layi ɗaya ba, yau kuma sunan kakarta ma babu mai iya faɗa mini a danginmu. Ku da naku tsofaffin suke raye, ga waya a hannunku dare da rana, ku zauna ku tambaye su asalin gidanku, ku naɗi muryarsu da izininsu. Abin kunya ne a ce jika ya san labarin 'yan ƙwallon Ingila amma bai san garin da aka haifi kakarsa ba.

Lokaci yana neman ƙure mana. Wata daga Kurna tana tambaya ko za ta iya yi wa mahaifiyarta aikin Hajji.

Malam: Za ta iya, da sharaɗin ta riga ta sauke nata faralin.

Mai gabatarwa: Wani kuma daga Hotoro ya ce 'ya'ya mata sun kwashe kwanuka da zannuwan marigayiya da sunan abin tunawa.

Malam: Ko cokali ne ya zama gado. A fara biyan bashinta, har da zubin adashi idan ya rage a kanta, a cika wasiyyarta matuƙar ba ta wuce sulusi ba, sannan a raba. Wadda take son wani abu don tunawa ta nemi yardar sauran magada.

Mai gabatarwa: Sauran wasiƙu, musamman ta mai tambaya a kan ziyarar maƙabartar Dandolo, sai mako mai zuwa idan Allah ya kai mu. Malam, mun gode. Wassalamu alaikum.