Darasi: Yadda Ake Gane Shekarun Lambar Tunawa da George Washington

Assalamu alaikum, masu kallo, barkanmu da warhaka. Ga lambar tagulla nan a tafin hannuna, bari in matso da ita kusa da kyamara. Wannan fuskar George Washington ce, shugaban Amurka na farko. A bayanta ga shi bisa doki da hafsoshinsa, suna hangen birnin Boston. Sojojin Birtaniya sun fice daga birnin ranar 17 ga Maris, 1776, sai majalisa ta yanke a yi masa lambar zinare. A Paris aka ƙera ta, aikin wani gwani mai suna Duvivier, kuma sai a 1790 ta isa hannunsa.

To, a nan ake cutar masu saye, kuma abin yana damuna ƙwarai. Mutum ya ga 1776 da lambobin Rumawa a jiki, sai ya ɗauka shekarar da aka buga ke nan. Ranar abin da ya faru ce kawai! Gidan buga kuɗi na Paris ya yi ta sake buga ta shekara da shekaru.

Shi ya sa masu tara waɗannan lambobi ba sa rabuwa da littafi. William Baker ya wallafa nasa a 1885, ya jera lambobin Washington sama da 600, ya ba kowacce lambar ƙidayarta. Har gobe za ka ji ɗan kasuwa ya ce "Baker 47", asalin wannan yake nufi. A 2016 Neil Musante ya fito da sabo mai juzu'i biyu, cike da hotuna.

Yanzu ku juya ta, ku dubi bakinta da gilashin ƙara girma. A nan gidan Paris ke sa 'yar alamar da ke nuna lokacin da aka buga ta: in kun ga hannu yana nuni, tsakanin 1845 da 1860 ne. In ƙudan zuma ne, 1860 zuwa 1879. In ƙaho ne cike da 'ya'yan itace, daga 1880 zuwa sama. Tawa, kun gani? Ga ƙudan zuman nan, ɗan mitsitsi.

In bakin sumul yake ba alama, kada ku yi saurin murnar cewa bugun farko ne, don Amurkawa ma sun buga irin tasu a Philadelphia. Ku buɗe littafin, ku gwada harafi da harafi da hoton, ku auna nauyi. Kuma don Allah kada ku goge ta da toka ko lemon tsami, wannan duhun da ke jikinta masu saye suna son sa.