Rage Gudun Injin Lantarki Mai Fes Ɗaya: Inda Ake Iyawa da Inda Koyil ke Ƙonewa

An rubuto wannan daga faifan laccar da aka gabatar a Asawase, Kumasi, ga masu gyaran kayan lantarki da yaran da ke koyon sana'a a hannunsu.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu da manyanmu a wannan sana'a, Allah ya ƙara girma, ƙannena masu koyo kuma ina yi muku barka da zuwa. Tambayar da aka ba ni ita ce wadda masu kaya ke kawo mana shago kullum, daga unguwar Aboabo har Suame Magazine, matattarar makanikai da maƙera: mutum yana da injin lantarki mai fes ɗaya, wato mai aiki da wutar gida, gudunsa ya yi masa yawa, me zai saya ya rage shi? Amsar ba ta kanti, tana jikin injin, domin abin da ke rage gudun wani shi ne ke hallaka wani, kuma wanda bai tantance irin injin da ke gabansa ba tukuna bai isa ya ba da shawara ba.

Wutar da kamfanin lantarki na Ghana, ECG, ke kawo mana ƙarfinta bolt 230 ne, kuma tana kaiwa tana komowa sau 50 a kowane sakan, abin da zan riƙa kira bugun wuta. Yawancin injunan da muke gyarawa, wato marasa burushi, gudunsu ya rataya ne a kan wannan bugu da kuma adadin fol, wato kawunan maganaɗisun da aka naɗa koyil, naɗin wayar cikin inji, a kai. Lissafin ba shi da wuya: a ninka bugun da 120, a raba da adadin fol. Mai fol biyu zai ba da juyi 3000 a minti, mai huɗu 1500, mai shida 1000. A farantin jikin inji kuwa za ku ga an rubuta 2850 ko 1440, saboda rota, wato ɓangaren da ke juyawa a cikin inji, ba ta taɓa cim ma maganaɗisun da ke janta, kullum tana ɗan zamewa a baya, kuma wannan zamewar ce ke haifar da ƙarfin juyawa. Ku lura cewa bolt bai shiga lissafin nan ba ko kaɗan. Shi ya sa injin da aka shigo da shi na hannu daga Amurka, inda bugu 60 ne, mai 1725 a faranti, zai yi ƙasa da 1450 a nan ko da an sa masa taransifoma, domin taransifoma bolt take sauyawa, ba ta taɓa bugu.

To, in haka ne, me ya sa fanka take rage gudu idan an murɗa regileta? Dalili biyu ne. Na farko, idan aka rage bolt ƙarfin juyawa yana faɗuwa ninki: a rabin bolt, rubu'in ƙarfin kawai ke saura, sai rota ta ƙara zamewa. Na biyu, iska kaya ce mai sauƙin hali, domin da zarar fukafukai sun rage gudu nauyin da ke kansu yana raguwa ƙwarai, har ma a rabin gudu aikin da ake bukata kashi ɗaya ne cikin takwas. Saboda haka inji da kayansa sukan haɗu a wani sabon gudu su daidaita. Wannan yana yiwuwa a injin fankar sama da ta iyakwandishan, masu kafasita guda, wato 'yar na'urar da ke tara wuta, da ke cikin layi koyaushe, da kuma ƙananan injunan da ke da zoben tagulla a jikin fol, irin na fankar cikin firij.

Hanyoyin rage bolt ɗin sun bambanta, kuma ba darajarsu ɗaya ba. Tsohuwar regileta mai babban akwati da ramukan shan iska, wadda har yanzu ake gani a bangon wasu masallatanmu, tana ƙona rarar wutar ne ta mayar da ita zafi. Ku ɗora tafin hannu a kanta bayan fanka ta yi awa guda a ƙaramin gudu, za ku ji inda kuɗin mita ke tafiya. Wadda ta gaje ta tana jera kafasitoci masu girma daban-daban, kowace lamba da nata, ba ta zafi kuma ba ta ƙara, kuma ita na fi so wa fankar ɗaki. Fankar tsaye mai maɓalli uku ba ta bukatar komai daga waje, domin an fitar da wayoyi daga wurare daban-daban a koyil ɗinta tun daga masana'anta. Sai kuma ƙaramar regileta mai tirayak, wato makunnin lantarki mai saurin buɗewa da rufewa, wadda ke datse wani yanki na kowane bugu kafin ya isa inji. Tana da araha, tana ba da kowane gudu da ake so, amma wutar da ke fita daga cikinta a gutsure take, shi ya sa fanka ke gurnani a ƙaramin gudu, kuma idan aka murɗe ta ƙasa sosai fukafukai na iya tsayawa cik alhali wuta tana ci gaba da dafa koyil. Makunnin rage hasken ƙwan fitila kuma, duk da kamarsu, ba a yi shi don koyil ba, kada a ba shi aikin da ba nasa ba.

Yanzu ga inda nake so ƙannena su buɗe kunne. Injin jan ruwa babba, da kwamfireso, da injin da ke juya na'urar niƙa ko ta dakan sakwara, galibinsu suna da koyil na biyu wanda aikinsa tayar da inji kawai, tare da kafasitar tashi da wani makunni a bayan rota mai aiki da gudu. Idan kun kashe irin wannan inji kuka saurara, kafin ya gama tsayawa za ku ji wani ƙas daga ciki. Makunnin ne ya koma ya haɗe. Idan kun buɗe murfin baya za ku ga ƙananan ƙarafa biyu da sifirin ke riƙe da su, waɗanda gudu ke watsawa waje su raba wuta da koyil ɗin tashi idan inji ya kai kusan kashi uku cikin huɗu na gudunsa. Wayar wannan koyil siririya ce, an yi ta don aikin 'yan sakanni, haka ma kafasitarsa. Duk wanda ya rage wa irin wannan inji bolt, da fari ba zai ga gudu ya ragu sosai ba, sai dai inji ya riƙa jan wuta fiye da kima don ya riƙe kayansa, yana zafi. In ya ƙara ragewa, gudu zai faɗi gaba ɗaya, makunnin ya haɗe ya zauna a haɗe, kafin a ankara warin banish ɗin jikin koyil ya cika ɗaki, kafasita ta kumbura. Abin da ke faruwa ke nan da injunan jan ruwa a unguwar da wuta ke zuwa da rauni da yamma, sai dai a can ba wanda ya sayi ɓarnar da kuɗinsa.

Injin da ke da burushin kabon, irin na na'urar huda ƙarfe, da giranda, da bilenda, da keken ɗinki na gida, shi labarinsa daban ne. Gudunsa yana bin bolt da nauyin kaya, bai damu da bugu ba, saboda haka tirayak ta dace da shi sarai, ita ce ma ke cikin kunamar da ake matsawa da yatsa. Iyakarsa dai, a ƙaramin gudu yakan yi rauni idan kaya sun yi nauyi.

Mai injin niƙa fa, me za mu ce masa? Abu na farko, fuli da bel, kuma ina ganin mun raina wannan hanya ne kawai don ba ta da fitila mai ƙyalli. Inji mai juyi 1440 da fuli mai inci 4, idan aka ɗaura shi da fuli mai inci 8 a jikin na'ura, na'urar za ta yi 720, ƙarfin murɗawarta ya ninka, injin kuma yana gudunsa na asali yana shan iskarsa. Mai son gudu biyu ko uku sai a yi masa fuli mai hawa-hawa, irin na injin huda ƙarfe na tsaye, kuma masu injin gyaran ƙarfe a Magazine za su fere shi.

Idan kuwa aikin yana bukatar a riƙa sauya gudu yana cikin tafiya, to a taɓa bugun wutar kansa, da na'urar da 'yan kasuwa ke kira VFD. Tana karɓar wutar gida mai fes ɗaya, ta mayar da ita wuta miƙaƙƙiya, sannan ta sake ƙera fes uku a kowane bugu da aka zaɓa, tana rage bolt daidai da rage bugu don kada ƙarfin juyawa ya tafi. Amma abin da take fitarwa fes uku ne, don haka shawarar gaskiya ita ce a ajiye tsohon injin a nemo mai fes uku, wanda ba shi da kafasita ko makunnin tashi da zai lalace. A duba farantinsa a ga 230/400, a haɗa shi haɗin delta, wato a haɗa koyil ɗinsa uku baki da baki kamar kusurwa uku, domin bolt 230 na'urar ke bayarwa, ba 400 ba. Irin waɗannan na'urori masu shan fes ɗaya an fi samun su har zuwa kilowat 2.2, wato doki uku. Akwai masu fitar da fes ɗaya, amma na fanka ne da ƙananan famfuna marasa makunnin tashi.

Abu biyu za a kiyaye wajen ɗaura ta. Fankar da ke sanyaya inji a jikin sandarsa take, idan inji ya rage gudu ita ma ta rage, saboda haka wanda zai daɗe yana aiki a ƙaramin gudu da kaya masu nauyi sai an ƙara masa fanka mai wutarta daban. Sannan manyan kafasitocin cikin na'urar suna riƙe kusan bolt 325 ko bayan an zare fulogi. A jira mintocin da aka rubuta a murfinta, a kuma auna da mita a tabbatar wutar ta sauka kafin yaro ya kai sukundireba wurin.