Mujallar June da matan Japan da suka koyi rubutu a cikinta

Zainab: Masu sauraro, assalamu alaikum, barkanmu da sake haɗuwa. Zainab ce, tare da Anti Rabi da Yaya Nura. Yau tarihin ɗab'i ya kai mu Japan, wajen wasu mujallu da ke buga labaran soyayya tsakanin samari biyu, amma mata ne ke rubutawa, mata ne ke saye. Anti, daga ina abin ya taso?

Rabi: Wa alaikumus salam, 'yata. Mujallar farko ta fito ne a 1978 daga kamfanin Sun Publishing, da sunan Comic Jun. Ba a daɗe ba ta koma June, don akwai kamfanin tufafi mai suna Jun. Editanta wani saurayi ne, Sagawa Toshihiko. Shi ya lura cewa 'yan mata sun riga sun kamu da irin waɗannan labarai, gidan kansu ne kawai ba su da shi.

Nura: To Anti, a ina suka kamu da su tunda babu mujalla?

Rabi: A mujallun zane na 'yan mata, wato manga. A farkon shekarun 1970 wasu matasan mata masu zane, irin su Takemiya Keiko da Hagio Moto, suka shigo fagen da a da maza suka fi yawa a cikinsa. Suka fara zana samari kyawawa a makarantun kwana na Turai, Faransa ko Jamus. A 1976 Takemiya ta fara buga labarinta na zane mai suna Kaze to Ki no Uta, bayan ta sha fama da editoci shekara da shekaru. Ga kuma kasuwar Comiket da aka buɗe a Tokyo a 1975, inda masu zane na sha'awa ke sayar da abin da suka buga da kuɗinsu, kuma mata ne suka cika ta a farko.

Nura: Ni fa abin da ya ɗaure mini kai ke nan. Yarinya tana son labarin soyayya, sai ta cire mace daga ciki gaba ɗaya?

Zainab: Yaya, ka duba me ake ba mace a labarin wancan lokaci. Ta jira, a zaɓe ta, ta yi aure, ta haihu, shi ke nan. Da zarar jarumar mace ce, mai karatu ta san ƙarshenta. Idan samari biyu ne a wata ƙasa mai nisa, babu maganar wa zai bar karatu, wa zai zauna a gida. Sai ta sami sararin tunani a kan so da kishi da rabuwa ba tare da an nuna mata wurin zamanta ba.

Rabi: Haka masana da dama suka bayyana shi. Kuma labaran June ba na farin ciki ba ne. Mutuwa, rabuwa, yaron da iyaye suka yi watsi da shi. Mujallar tana ɗaukar kanta a matsayin ta adabi, tana kawo sharhin littattafai da finafinan Turai da mawaƙa irin su David Bowie.

Nura: Ta yi kasuwa kuwa?

Rabi: Da farko a'a. A 1979 ta tsaya, sai 1981 ta dawo. A tsakanin nan, 1980, kamfanin Minori Shobo ya fito da kishiyarta, Allan, mai sunan ɗan wasan Faransa Alain Delon. Ita ta kai 1984. A 1982 kuma aka haifi Shosetsu June, ta ƙagaggun labarai zalla.

Zainab: Nan ne wurin da ya fi taɓa ni. Marubuciya Nakajima Azusa, wadda aka fi sani da Kurimoto Kaoru, ta buɗe fili a mujallar June. Mai karatu ta aiko da labarinta, ita kuma ta karanta, ta yi masa gyara a bainar jama'a, ta ba ta matsayi kamar yadda ake yi wa masu koyon judo. Takemiya ma tana da nata filin na masu zane. Ki duba Anti, yarinya a wani gari, ba ta san kowa a harkar ɗab'i ba, ta sa labarinta a ambulan, sai ga shahararriyar marubuciya ta ɗauke shi da muhimmanci.

Rabi: Kuma Nakajima ba ta sassauta musu. In jimla ta yi rauni, sai ta faɗa. Daga wannan fili aka sami mata da rubutu ya zama sana'arsu. Ni abin da nake girmamawa ke nan, mujallar ta rene su.

Nura: Amma Anti, su mazan da ake rubutu a kansu fa? Sun yarda?

Rabi: Ba duka ba. A lokacin su suna da nasu mujallun, Barazoku tun 1971, da Sabu, wadda shi wannan kamfani na Sun ke bugawa. A 1992 wani ɗan gwagwarmaya, Sato Masaki, ya yi rubutu mai zafi a wata ƙaramar mujallar mata, yana cewa an mai da rayuwarsu abin wasa a hannun waɗanda ba su san ta ba. Mata suka mayar da martani, aka yi shekaru ana muhawara.

Zainab: Ƙorafinsa yana da nauyi, a ganina. Samarin June ba mutanen titin Tokyo ba ne, halitta ce ta tunanin 'yan mata.

Nura: Ita mujallar June yaya ta ƙare?

Rabi: Kasuwar da ta buɗe ce ta fi ƙarfinta. A shekarun 1990 wasu kamfanoni suka shigo, irin su Biblos da mujallarsa Be x Boy, da labarai masu sauƙi da ƙarshe mai daɗi. Masu karatu suka bi can, June ta yi ta ja da baya, har ita Shosetsu June ɗin ma ta rufe a farkon shekarun 2000.

Zainab: Lokaci ya cim mana. Anti Rabi, Yaya Nura, na gode. Masu sauraro, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.